Jagorar Ziyarar Kilwa: Garin Masunta da Kufan Sarakunan Zinariya a Gaɓar Tekun Indiya

A kudancin Tanzaniya, kimanin kilomita 300 daga Dar es Salaam, akwai wurare uku masu amsa sunan Kilwa, kuma baƙo yakan rikita su. Kilwa Masoko shi ne hedikwatar gunduma, can masaukai da banki da ofisoshin gwamnati suke. Kilwa Kivinje tsohon garin masunta ne da ke arewa da shi, tazarar ba ta kai kilomita 30 ba. Kilwa Kisiwani kuwa tsibiri ne da kake hangowa daga bakin ruwan Masoko, kuma a kansa kufan birnin da ya riƙe cinikin zinariyar gabashin Afirka a ƙarni na 13 da na 14 yake. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tun 1981, tare da maƙwabcinsa Songo Mnara.

Masu yawon buɗe ido da yawa sukan iso da yamma, su tsallaka tsibirin da safe, su ɗauki hotuna, azahar ta yi musu a mota. A ganina wannan asarar kuɗin jirgi ce. Abin da ya gina Kilwa iska ce da ruwa, kuma masu aiki da iskar da ruwan har yau suna nan a bakin teku. Wanda ya fara zama da su shi ne zai gane abin da duwatsun ke faɗa. Don haka na jera matakan nan yadda garin masunta zai zo kafin kufai. Ka ware kwana uku a Kilwa, ban da kwanakin hanya.

Mataki na farko: biza kafin tikiti

Ga mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar ko Cadi, nan ne tafiyar take tsayawa ko ta wuce. Tanzaniya ta sa waɗannan ƙasashe cikin jerin waɗanda ba a ba su biza a filin jirgi. Irin tasu ita ce wadda ake kira referral visa, wato sai an tura takardunka hedikwatar hukumar shige da fice an amince tukuna. Ana cikewa ta intanet, kuma ita hukumar da kanta tana ba da shawarar a nema da wata biyu kafin tafiya, kada kuma a sayi tikiti sai amsa ta fito. Ka bi wannan shawara. Ka sake duba shafin hukumar a lokacin da za ka nema, don dokokin biza ba sa zama wuri ɗaya.

Sai katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan, domin za a iya tambayarka shi a filin jirgi. Maganin zazzaɓin cizon sauro ma ka tanada. Jirage daga Kano da Abuja da Legas da Yamai suna bi ta Addis Ababa su sauke ka Dar es Salaam. Kada ka cusa kayanka cikin leda, an hana amfani da ita a ƙasar tun 2019.

Lokacin da ya fi daɗi shi ne daga Yuni zuwa Oktoba: ba ruwan sama sosai, zafi da sauƙi. Daga Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi, hanya takan ɓaci. Disamba zuwa Fabrairu ana zuwa, sai dai gumi.

Mataki na biyu: daga Dar zuwa Masoko

Motocin kudu suna tashi daga unguwar Mbagala Rangi Tatu. Ka yanki tikiti tun jajibere, ka kuma tabbatar motar har cikin Masoko za ta shiga. In ta Lindi ko Mtwara ka hau, za ta ajiye ka a mararrabar Nangurukuru, daga nan ka nemi ƙaramar mota ta ƙarasa da kai. Tafiyar awa biyar zuwa shida ce, za ku tsallake kogin Rufiji ta gadar Mkapa.

Akwai tarko guda a nan. Mutanen wurin suna fara ƙirga awowi ne daga fitowar rana, ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗayansu. In kwandasta ya ce maka mota za ta tashi ƙarfe goma sha biyu na safe, ƙarfe shida yake nufi. Haka mai jirgin ruwa zai yi maka gobe. Duk alkawarin lokaci da za ka ƙulla, ka nuna a fuskar wayarka ku yarda. Agogon Tanzaniya kuma yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu.

Ka canza kuɗi zuwa shilin tun a Dar, ka sayi layin waya da fasfonka, ka zuba wani abu a asusun kuɗi na waya, M-Pesa ko Airtel Money. Kuɗaɗen gwamnati da yawa ta waya ake biyansu, a ba ka lamba ka tura. A Masoko akwai masaukai na bakin teku masu tsada da ƙananan gidajen baƙi a cikin gari. Kowanne ka zaɓa, ka duba gidan sauro kafin ka biya. Zirga-zirgar cikin gari da bodaboda ce, wato acaɓa, ko bajaji mai ƙafa uku.

Mataki na uku: takardar izini da ɗan jagora, a ranar da ka iso

Ba a shiga kufan sai da izini daga ofishin da ke kula da su a Masoko, kowa zai nuna maka shi. Ka je da fasfo, ka ce kana son tsibiran biyu, ka karɓi rasit. Nan za a haɗa ka da ɗan jagora mai rajista. Kuɗi uku ne daban-daban: na shiga, na ɗan jagora, na jirgi. A fayyace kowanne, kuma na jirgi ya zama zuwa da dawowa. Kada ka biya mai jirgi duka tun kafin ya dawo da kai.

Babbar tambayar da za ka yi wa ɗan jagora ita ce: yaushe ruwa zai cika? Tekun nan tana cikowa ta janye sau biyu a yini, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. A farkon watan Musulunci da tsakiyarsa, cikar takan yi yawa, janyewar ma haka, har bambancin ya wuce mita uku. Inda jirgi ya sauke ka a kan yashi da safe, da rana sai ka tarar da laka mai nisa tsakaninka da shi. Duk tsarin kwanakinka a kan wannan zai hau.

Mataki na huɗu: asuba a Kivinje

Ka yi sallar asuba ka kama hanya. Abin da za ka je gani shi ne dawowar masunta. Jiragen katako ne iri-iri: ngalawa, ƙaramin kwale-kwale mai katakai biyu a gefe da ke hana shi kifewa, mashua, matsakaici, sai jahazi, babba mai ɗaukar kaya zuwa tsibiran Mafia da Zanzibar. Da yawansu har yanzu da ƙyalle mai kusurwa uku suke kama iska. Ana sauke kifi a yi gwanjonsa nan take a bakin ruwa, mai shela na ɗaga murya, dillalai na ƙara farashi, mata da bokitai suna jiran ƙananan kifin da ake kira dagaa, wanda ake tafasawa a shanya a kai cikin ƙasa. A gefe kuma masassaƙa na gyaran jirgi, suna cusa auduga tsakanin katakai.

Ka samu dattijo cikinsu, ka yi sallama, ka ƙara da shikamoo, gaisuwar da ake yi wa na gaba. Zai amsa da marahaba. Ta bakin ɗan jagora ka tambaye shi iskoki biyu. Kaskazi tana busowa daga arewa maso gabas tun wajen Nuwamba zuwa Maris. Kusi tana juyowa daga kudu daga Afrilu zuwa wajen Oktoba. Da ta farko jiragen Larabawa da Indiyawa suke gangarowa, da ta biyu suke komawa. Masana tarihi sun nuna cewa Kilwa tana wajen iyakar inda jirgin da ya taso daga arewa zai iya kaiwa ya kuma koma gida cikin zagayen iska ɗaya. Zinariyar kuwa tana can kudu, ana haƙo ta a tudun Zimbabuwe a sauko da ita tashar Sofala, a Mozambik ta yau. Baƙon ɗan kasuwa ba zai iya zuwa Sofala ya dawo a shekararsa ba, dole ya tsaya Kilwa ya saya a hannun mutanenta. Arzikin birnin ke nan gaba ɗaya.

Bayan gwanjo ka zaga cikin gari. Za ka ga gidajen benaye na 'yan kasuwar ƙarni na 19 suna zubewa, itatuwa sun tsiro a bangonsu, ga kuma tsohon ginin mulkin Jamusawa yana fuskantar teku. Kada kyan tsufan ya rufe maka ido. Kivinje ta yi ƙiba ne da ayarin da ke tasowa daga yankin tafkin Nyasa da hauren giwa da bayi, dubban mutane duk shekara. A tsaunukan Matumbi da ke bayanta kuma aka fara boren Maji Maji a 1905, kuma akwai wurin tunawa a garin inda Jamusawa suka rataye waɗanda suka yi musu tawaye.

Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton mace ko na mai sana'a ba tare da izini ba. Garin Musulmi ne masu kamun kai, suturarmu ta gida ta dace da shi sarai. Karin kumallo kuwa shayi mai citta da maandazi, wani soyayyen fulawa mai kama da fanke. Da rana ka nemi shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa da soyayyen kifi. In kana da ƙarfin hali ka ɗanɗana pweza, wata halittar teku mai hannuwa takwas da ake gasawa a bakin hanya.

Mataki na biyar: Kisiwani

Tsallakawar ba ta wuce minti 20 a jirgi mai inji. Ka nemi rigar kariya daga nutsewa ka sa, ko da matuƙin ya yi maka dariya. Ka tafi da ruwan sha mai yawa, da malafa, da takalmin da ba ka jin tsoron ya jiƙe. Babu mota a tsibirin, babu otal, ƙauye ne da mutane ke zaune a tsakanin kangaye da kukoki.

Abin da za ka fara gani tun daga cikin jirgi shi ne Gereza, ƙaton gidan tsaro a bakin ruwa. Turawan Fotugal suka fara gina sansani a wurin a 1505, lokacin da Francisco de Almeida ya ci garin da yaƙi, amma ba su daɗe ba, a 1512 suka kwashe. Mafi yawan abin da ke tsaye yau Larabawan Oman suka gina wajen 1800. Ka leƙa ka wuce, ba shi ne abin zuwan ba.

Babban Masallaci shi ne inda za ka zauna. Ɓangarensa na arewa ya girmi sauran, tun ƙarni na 11 zuwa na 12 yake. A farkon ƙarni na 14 aka faɗaɗa shi kudu da ginshiƙai da bakuna da ƙubbobi jere-jere, wani sashe ya rushe aka sake tayar da shi a ƙarni na 15. Ka tsaya a tsakiya ka duba mihirabi. Bahaushe ya saba alƙibla gabas take, har ya kan ce ya fuskanci gabas in zai yi salla. A nan arewa sak take kallo, domin Kilwa da Makka kusan a kan layi ɗaya suke. Haka za ka gani a duk masallatan gaɓar, na da da na yanzu. Mutanen wurin Shafi'awa ne, za ka ji liman na bayyana bisimilla a Fatiha.

Ka taɓa bangon da idonka kawai, ka lura da kayan ginin. Duk dutsen murjani ne. Wanda ya bushe a tudu shi ake jerawa a bango, a kuma ƙona wani a samu farar ƙasar da ake haɗa shi da ita. Wanda za a yi wa ado kuwa, na bakin ƙofa da na mihirabi, daga ƙarƙashin ruwa ake yanko shi yana da taushi, a sassaƙa kafin iska ta ƙarfafa shi. Za ka kuma ga ɗakunan gidajen dogaye ne amma matsattsu. Dalili shi ne sandunan itacen mikoko, mai tsirowa cikin ruwan gishiri, da ake rufi da su ba su da tsawo sosai. Maginin Kano ko Zariya ya san wannan matsala, don tsawon azara shi ke yanke faɗin ɗaki sai in an yi bakan gizo.

Kusa da nan akwai Babban Gida, da ƙaramin masallaci mai ƙubba na ƙarni na 15 wanda ya fi sauran tsira daga rushewa, da kaburburan sarakuna, da fadar Makutani mai doguwar ganuwa. Ita Makutani ta ƙarni na 18 ce, zamanin da garin ya ɗan farfaɗo, kuma da cinikin mutane ya farfaɗo: a 1776 sarkin Kilwa ya ƙulla yarjejeniya da wani Bafaranshe, Jean-Vincent Morice, kan zai riƙa ba shi bayi 1,000 duk shekara.

Husuni Kubwa tana gabas da ƙauyen, tafiyar kusan rabin awa a ƙasa, ko a kai ka da jirgi in ruwa ya cika. Mutane kan gaji su fasa, kai kada ka fasa. Fada ce mai ɗakuna sama da 100 a kan tudu mai kallon mashigar jirage. Akwai babban fili zagaye da ɗakunan ajiyar haja, akwai zauren zaman fada mai matakala inda ake zama sahu-sahu, akwai kwamin wanka mai kusurwa takwas, sai matakalar da ke gangarawa bakin ruwa. Sarki al-Hasan bin Sulaiman ya gina ta, shi ne kuma wanda Ibn Battuta ya tarar a kan gado a 1331. Matafiyin ya sa Kilwa cikin kyawawan biranen da ya gani, ya ce ana yi wa sarkin laƙabi da Abul Mawahib saboda kyauta. Ya ba da labarin wani mabuƙaci da ya tare sarkin bayan sallar Juma'a ya roƙi tufafin jikinsa, sarkin ya koma masallaci ya sauya, ya ba shi. Ya kuma ce da ɗan'uwansa Dawud ya gaje shi, in mai roƙo ya zo sai ya ce masa mai bayarwa ya mutu. Shi dai wannan Ibn Battuta, bayan shekara ashirin da 'yan kai, ya sauka Takedda kusa da Agadez, ya ambaci tagullar da ake kaiwa Gobir da Barno.

Da alama ba a daɗe ana zama a fadar ba. Masu tonon tarihi, ƙarƙashin Neville Chittick daga 1958 zuwa 1965, sun tono tangaran na ƙasar Sin da na Farisa da kuɗin tagulla da sarakunan Kilwa suka buga da sunayensu. An tsinci irin kuɗin a kufan Great Zimbabwe, inda zinariyar ke fitowa. Har yau in ruwa ya janye za ka ga gutsattsarin tangaran a cikin yashi. Ka ɗauka ka duba ka mayar. Fita da shi laifi ne a doka, kuma in yara sun kawo maka tsohon kwabo kada ka saya, sayen ne ke sa su tona.

Ɗan jagora zai ba ka labarin kafuwar garin: wai wani basarake daga Shiraz ta ƙasar Farisa, Ali bin al-Hasan, ya sayi tsibirin da yadin da ya isa ya kewaye shi. Labarin na cikin tsohon tarihin garin da aka rubuta, ka saurara da daɗi. Amma abin da aka tono ya nuna mutanen gaɓar ne, masunta da maƙera da manoma, suke zaune a nan tun kafin wannan zamani, kuma su ne suka musulunta suka yi arziki suka gina birnin.

Mataki na shida: Songo Mnara, in ruwa ya yarda

Tana kudu da Kisiwani da kimanin kilomita 8, tafiyar awa guda ko fiye a jirgi mai inji, kuma kuɗin man ya fi yawa, don haka in ka samu abokan tafiya ku raba. Daga inda aka sauke ku za ku ratsa kurmin mikoko, wani lokaci ruwa har gwiwa. Lokacin kusi teku takan yi fushi da rana, ku fita da sassafe. In matuƙi ya ce yau ba ta tafiya, kada ka ƙara masa kuɗi don ya canza magana.

Abin da ke can ya bambanta da na Kisiwani. Gari ne na ƙarni na 14 zuwa na 16 da ya tsaya kusan yadda aka bar shi: gidajen dutse wajen arba'in, masallatai biyar, da maƙabartu a tsakiyar gari. A nan ne za ka ga yadda attajiri ke zama, da tsakar gida mai matakala, da ɗakin baƙi kusa da ƙofa, da ɗakunan iyali can ciki, da makewayi da magudanar ruwa. Sau da yawa ku kaɗai za ku kasance a wurin. In kwana biyu kawai gare ka, wannan ne matakin da za ka bari, ba Kivinje ba.

Mataki na bakwai: komawa

Motocin Dar suna barin Masoko da duku-duku. Ka yanki tikiti da yammacin jajibere, ka sake tantance lokacin da irin ƙirgarsu, ka kuma shirya da mai bajajin da zai ɗauke ka daga masauki, don a wannan sa'a ba za ka samu na tsayarwa a titi ba. Kada ka haɗa ranar motar da ranar jirginka na sama. Cunkoson Mbagala kaɗai yana iya cin awa biyu, ga lalacewar mota a hanya ba abin mamaki ba ce. Ka kwana ɗaya a Dar, ka ƙarar da ragowar shilin ɗinka a kasuwar Kariakoo, inda ake samun kanumfari da masoro da kirfa da atamfar kanga.